Wasiƙa Daga Los Angeles: Yaro Mai Fasa Tagogi

Zuwa ga taubashi, sarkin tsokana.

Fim ɗin The Kid ya fito a 1921, zamanin da majigi bai fara magana ba. Charlie Chaplin, haifaffen Landan, shi ya tsara shi a nan Los Angeles, ya kuma fito a matsayin fakiri mai guntun gashin baki, da ƙaton takalmi da sanda. Ba a jin muryar kowa, sai kiɗa da ɗan rubutu jifa-jifa, don haka Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya ƙyalƙyale da dariya.

Wata mata ce ta ajiye jaririnta a motar masu kuɗi. Ɓarayi suka sace motar, suka yar da shi a lungu, fakirin ya tsince shi. Ya yi ta neman wanda zai maƙala wa, abin ya faskara, sai ya kai shi ɗakinsa yana ba shi madara da butar kofi.

Bayan shekara biyar suka buɗe sana'a. Yaron ya auna taga da dutse, ya ranta a na kare. Can sai ga fakirin goye da gilashi, wai wucewa yake yi, a kira shi gyara. Da ɗan sanda ya fara zarginsu, fakirin ya riƙa ture yaron da ƙafa kamar bai taɓa ganinsa ba. A wani gida kuma ya tsaya zuba wa matar gidan daɗin baki, tana ta dariya. Ashe matar ɗan sandan ce. Miji ya miƙo hannu ta taga ya shaƙe masa wuya, zance ya tashi.

Dariyar na tafe da tausayi. Da hukuma ta ɗauke yaron za a kai shi gidan marayu, fakirin ya bi ta kan rufin gidaje ya ƙwato shi. Daga ƙarshe uwar, wadda ta yi suna ta yi arziki, ta gane ɗanta.

Jackie Coogan, wanda ya fito a matsayin yaron, ya tara dukiya, amma uwarsa da mijinta suka cinye. Ya kai su kotu a 1938, kuma a 1939 jihar Kalifoniya ta kafa dokar kare kuɗin yara 'yan fim.

A gai da mutanen gida. A ɓoye wa yara wannan wasiƙa, don tagogin maƙwabta su zauna lafiya.

Naka taubashi.