Yadda Za Ka Ɗora wa Aboki Littafin Kimiyya Bai Gudu Ba

Duk wanda ya gama karanta littafin kimiyya mai daɗi, bakinsa ba ya rufuwa. A majalisa, a teburin mai shayi, a gidan suna, sai ka ji ya ɗauko zancen taurari. Madalla da wannan hali, Allah ya sa ya yaɗu. Amma yaɗa shi sai da dabara, domin mutanenmu da sun ji an ce kimiyya, bulalar malamin lissafi suke tunawa, nan take su ce ana jiran su a gida.

Saboda haka kada ka soma da Stephen Hawking. Na san hannunka na ƙaiƙayi, amma ka daure. Littafinsa A Brief History of Time, na 1988, ya shiga gidaje miliyoyi, a da yawa daga cikinsu kuma yana nan kan kanta da alama a babi na uku. An gargaɗi Hawking cewa duk lissafin da ya sa a ciki zai rage masu saye da rabi, shi ya sa ya bar guda ɗaya tal, na Einstein. Duk da haka littafin tuwon dare ne, ba a buɗe baki da shi. Ajiye shi sai abokin ya zo da ƙafarsa yana tambayar yadda duniya ta faro.

Kafin ka zaro littafi, dubi sana'ar mutumin. In bakanike ne, ko yaron nan da ya kwance rediyon babansa ya mayar har ƙusa uku suka yi saura, to The Boy Who Harnessed the Wind ne nasa. William Kamkwamba ɗan Malawi ne. Yunwa ta faɗa wa ƙasarsu, kuɗin makaranta ya gagara, ya koma zaman ɗakin karatun ƙauye. Can ya ga hoton injin iska a wani littafi, Turancinsa bai kai ba, sai ya riƙa bin zane. Yana ɗan shekara 14 ya haɗa tsohon keke, daynamo, bututun roba da tarkacen bola, ya kunna ƙwan lantarki a gidansu, mutanen da ke ce masa mahaukaci suka dawo layin cajin waya. Kai dai ba da labarin har inda ya hau hasumiyar katako jama'a sun taru a ƙasa, sannan ka duba agogo ka ce la'asar ta yi. Zai biyo ka har ƙofar masallaci. Sai dai ka fara ɓoye fankar ɗakinka.

Mai son gulma ma yana da rabo. Ba shi A Short History of Nearly Everything na Bill Bryson, wanda ya fito a 2003, amma kada ka bari ya ga kaurinsa tukuna. Fara gaya masa cewa Henry Cavendish, wanda ya auna nauyin duniya a 1798, kunya ta hana shi magana da mai aikin gidansa sai ta wasiƙa. Ƙara masa da cewa Newton ya taɓa cusa doguwar allura a gefen idonsa don ya ga abin da zai faru. Kafin ya farga ya haɗiye ilimin duwatsu da na ƙwayar zarra, yana zaton tsegumi yake sha.

Ga 'yar'uwarka ma'aikaciyar jinya, The Immortal Life of Henrietta Lacks na Rebecca Skloot. Nan kam rage dariya. A 1951, a Baltimore ta Amurka, aka ɗebi ƙwayoyin jikin wata baƙar fata mai cutar daji ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyin suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan bincike, har aka yi amfani da su wajen gwajin rigakafin shan-inna, iyalinta kuwa sun shafe shekaru ba su da labari. Kada ka ba ta ranar da take aikin dare.

Akwai kuma Malam, wanda zai gyara rawani ya ce wannan ai karatun Nasara ne. Kada ka yi musu, gaishe shi da kyau, ka ce: "Allah gafarta Malam, an ce akwai wani Alkawarizmi a Bagadaza?" Daga nan ka miƙa masa Pathfinders na Jim Al-Khalili, inda zai gamu da shi Alkawarizmin, mai littafin aljabara, da Ibnul Haisam mai binciken haske da gani. In ya fara murmushi, tuna masa da Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Baba da ba ya jin Turanci kuwa, a nemo masa Ikon Allah na Abubakar Imam da Rupert East. Hausarsa garau ce, kuma abin takaici ne yadda samunsa ya yi wuya a shagunan littattafai.

Saura batun aro. Rubuta sunanka a bangon farko, da na ƙarshe, da shafi na 50, domin bango yana yagewa. Littafi ɗaya ake bayarwa a lokaci guda; wanda aka ɗora wa biyar ba ya buɗe ko ɗaya. Kada ka riƙa bugo waya kullum kana tambayar inda ya kai. Bari sati biyu su wuce, ka jefa masa tambaya a hira: wai me ya sa Kamkwamba ya narka bututun roba a wuta? In ya yi tsaki ya ce ai fukafukan injin ya yi da shi, to ya kamu.

Bayan wata uku ka je karɓa, ka tafi da tsire na ladabi. Mai yiwuwa a ce maka littafin yana hannun ƙanin matarsa a Zariya, shi ma ya ba wani ɗan ajinsu. Karɓi lambar ƙanin, ka gaya masa akwai Cosmos na Carl Sagan a gida, amma sai ya zo da na farkon a hannu.