Bakano Ya Ƙetare Gada da Ƙamus a Aljihu

Bawana Bakano, labari ya iso mini cewa tun da ka kama shago a Kakuri ba ka da aiki sai tambayar wace kalmar Turanci ce ta dace da yaro marar ladabi. Wai mai Keke Napep ya miƙo maka canji da hannun hagu a bakin Kasuwar Monday, ka tsaya latsa waya kana neman abin faɗa. Kafin ka haƙo "uncouth", yaro ya kai Barnawa ya juyo da wasu fasinjojin.

Gyara zama in karantar da kai, ilimi dai a Zazzau aka san shi. Tun 1957 da masaƙar KTL ta fara aiki, kamfanin Peugeot ya biyo baya a 1975, Kakuri da Makera suka cika da ma'aikata: Bajju, Atyap, Tibi, Idoma, Ibo, Yarbawa. Hausa da Turancin buroka ne suka haɗa su. Masaƙu sun rufe, bakin unguwa bai canza ba. Mai tumatir ɗin da kake karya wa harshe, Hausa take yi rangaɗaɗau.

In ka nace, ga yadda ake zaɓe. "Naive" ta takardar ofis ce. A kasuwa za a ɗauka magani kake cigiya. "Bushman" kada ka soma, kai da ke tsartar da yawun goro ta tagar mota. "Mumu" tana shiga, amma sai tsakanin sa'o'i, kuma ka shirya karɓar biyu. Wadda za ka kiyaya ita ce "you no get home training". Ba yaron ka zaga ba, iyayensa ka taɓa, kuma kafin ka rufe baki 'yan garinsu sun kewaye shagon. Dattijan unguwar kuwa "Ɗana, ba a haka" kawai suke cewa, yaro ya rusuna ya ce, "Baba, yi haƙuri."

Saura "JJC", wato sabon shigowa da bai san gari ba. Wannan kada ka wahala neman mai ita. 'Yan layinku sun raɗa maka tun ranar da ka tafi Unguwar Talbijin da kuɗi a lalita, wai za ka saro talabijin.

Na san abin da za ka ce: Bazazzagin da ke cewa "matata ya dawo" ne zai koya wa wani nahawu? To, matar ta gane, har ta kawo tuwo. Naka Turancin wa ya gane?

Ladan darasi kuma ba a yafe ba. Ka haɗa da kuɗin sharar bara da ka danne, ka aiko kafin Muharram. Kada ka ce mini babu ciniki, an nuna mini sabon babur ɗinka.