Ido, Wa Ka Raina?

Tun ban buɗe baki ba na hango ku kun taɓe naku. Musamman kai Alhaji, da ka sa hannu a aljihun gaba kana shafa 'yar kwalbar nan. Ba sai ka fito da ita ba, na san ta. Kuloramfenikol ce, an sayo ta a kemis da hunturun bara lokacin da uwargida ta yi jan ido. Ta ɗiga kwana biyu ta ajiye. Daga nan kwalba ta shiga ɗakin amarya, ta leƙa gidan maƙwabta, bakinta ya shafi gashin idon mutum bakwai, yanzu ta dawo hannunka ta zama kayan gado. An rubuta a takardarta cewa a yar da ita bayan mako huɗu da buɗewa, amma takardar tun a ƙofar kemis iska ta tafi da ita.

Na san hujjarka kuma: "Ai na ɗiga na warke." Allah ya ƙara lafiya. To amma me ka warke daga gare shi? In Apolo ne, wanda ya ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai Amurkawa duniyar wata har sunan ya bi ciwon, to bairos ke kawo shi, kuma maganin kashe bakteriya ko gaisawa ba ya yi da bairos. Mako ɗaya zuwa biyu yake yi ya kama gabansa. Da ka yi zamanka kana wanke fuska da ruwa mai tsabta, da ranar da ka warke ita ce dai ranar. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kwalba ta kwashe yabo.

Na bakteriya yakan zo da kwantsa mai kauri, rawaya ko kore-kore, ka tashi da asuba ido a manne sai an jiƙa da ruwan ɗumi. Shi ne magani ke yi wa aiki. Sai dai ko likita ba kullum yake rabe su da kallo ba, wani lokacin sai ya lakato kwantsar an kai ɗakin gwaji. Kai kuwa daga madubin mashin ka gama naka binciken.

Hausawa sun tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Ƙwayar cuta ma haka take. Ka ɗiga yau, ka manta gobe, jibi ka ɗiga rabi: ragwayen su mutu, masu taurin kai su tsira su yi ta hayayyafa, wasunsu a cikin rabin awa ɗaya ta zama biyu. Ba jikinka ne ya "saba da magani" ba, kamar yadda kake faɗa a majalisa. Ƙwayar ce ta raina shi, kuma ba a idonka za ta tsaya ba. Za ta bi tawul, ta bi hannu, ta bi tsinken kwallin da 'yan mata biyar ke karɓa-karɓa ranar kamu. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan kashedin tun 1945 da ya je karɓar kyautar Nobel. Shekara tamanin ke nan, Alhaji, ba jiya aka ƙirƙiro maganar don a hana ka sakat ba.

"Likitoci ne ke son kuɗin kati." To, su ma ba su tsira ba. Azitiromaisin, wanda ake rabawa gari-gari don yaƙar amosanin ido, an gwada bai wa ƙananan yara shi sau biyu a shekara a jihar Dosso ta Nijar. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100, amma an ga ƙwayoyin da ke bijire wa maganin sun ƙaru. Su sun biya wannan farashi ne don ceton rayukan yara, suna aunawa suna lissafi. Kai kana biyansa ne don ƙura ta faɗa maka a ido a hanyar kasuwa.

Hajiya, na ga kina murmushi, wai ke ba ruwanki da kemis. Ke ce ta ruwan sukari da nonon mai jego, in abu ya ƙi a ce a gwada fitsari. Ki yi haƙuri in ɓata miki rai: fitsarin mai ciwon sanyi na ɗauke da ƙwayar da kan huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Ita ce kuma kan kama jariri wajen haihuwa. Jinjirin da idonsa ya kumbura yana zubar da ruwan mugunya tun kafin suna, asibiti ake kai shi a ranar, ba a jira a yanka rago. Haka babban da haske ke soka masa ido, ko ganinsa ya dushe, ko fari ya fito a baƙin idon, kada a bari hakiya ta zauna.

Akwai kuma wanda ɗan kemis ke kira "mai ƙarfin", wanda aka haɗa da sitiroyid. Dare ɗaya ido ya yi fari tas, a yi ta sa masa albarka. A ci gaba da ɗigawa wata da watanni, hawan jinin ido ya shigo ba sallama.

Yauwa Alhaji, miƙo kwalbar. A'a, ba ɗigawa zan yi ba. Ta aljihun hagun ma na gan ta.