Zuwa Ga Sarkin Tarkacen Bakura

Taubashina, Sarkin Tarkacen Bakura, mai ɗaki uku: na uwargida, na amarya, da na matattun kaya. Gaisuwa daga Mafara. Ina gajiya, ina iyali, ina gara da ɓeraye? Su ma ai iyali ne, tunda kai ke ciyar da su rani da damina, kuma ban taɓa jin sun kai ƙararka gaban alƙali kan rashin abinci ba.

An ce mini za ka yi wa babban ɗanka aure, har kana cigiyar bulo da kwano don a ta da sabon ɗaki, wai gida ya yi kaɗan. Gida bai yi kaɗan ba, Malam. Ɗakin da ya fi kowanne girma a gidan, wanda ke jikin zaure, ka ba wa keken Rali da ya rabu da sarƙarsa tun mulkin Shagari. Shi ne maigida a ciki. Fadawansa kuwa sun haɗa da rediyo mai kaset wanda murfinsa ke ɗaure da kyauron roba, da fitilun ƙwai marasa ƙwai, da agogon bango da ya tsaya a ƙarfe huɗu saura, da injinan ban ruwa biyu da kowanne aka ciro hanjinsa don a raya ɗan'uwansa amma duka suka mutu. Ga buhunan taki fanko an ɗaure su dami-dami. Ga takalman roba, duk na ƙafar hagu. Wannan kam ya ɗaure mini kai. Ina na dama suke zuwa? Ko akwai wani taubashin naka a Maradun da kuke raba su?

Bangon ɗakin shi ya fi ba ni dariya. Allah ya yi wa yankinmu baiwa, garuruwan nan uku kowanne ya ba jihar Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari namu na Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023. Kai kuma kalandar kowannensu na nan manne, wata bisa wata. Ta Yarima har yanzu APP ke rubuce a jikinta, jam'iyyar da ta sake suna ta koma ANPP, ta zo ta narke cikin APC a 2013. Ta Matawalle kuma lemar PDP ce a kanta, alhali mai hoton ya fita daga ƙarƙashin lemar tun 2021. Mutanen da ke cikin hotunan sun sauya sheƙa, sun sauya hula, wasu sun sauya gari, kai ko ƙusar ba ka sauya ba. Idan baƙo ya tambaye ka yau nawa ga wata, wace shekara za ka duba masa?

Na san amsarka, don na haddace ta tun muna yara: "Bar shi nan, wata rana shina da amfani." In aka matsa maka sai ka ƙara da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, amma zuma aka ce. Ban ji wanda ya warke da tsohon cajar Nokia ba, ga su nan cike da gwangwanin madara a kan tagarka, kowanne da bakin da babu wayar da ke shiga yanzu. Ita wannan "wata rana" da kake jira, in ta zo ma ba ta samun abin. Ranar da famfon injinka ya lalace a fadama, ka shiga ɗakin ka yi ta tono tun hantsi har azahar, ka fito da yana a gemu, ka hau babur ka taho kasuwar Talata ka sayi sabo. Da ka koma gida sai ka ajiye mataccen a ɗakin. To ajiyar da mai ita ba ya iya gano ta, mene ne bambancinta da ɓata?

Kuɗi ma ba su tsira ba. A cikin adakar kawu, Allah ya jiƙansa, akwai kwabo mai huji da sulalla da takardar fam, kuɗin da naira ta kora tun 1 ga Janairun 1973. Waɗannan na yafe maka, tarihi ne, kuma ba su cika tafin hannu biyu ba. Amma da Babban Banki ya sake fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu a ƙarshen 2022, aka ce kowa ya fito da nasa, sai ga ka da ƙunshin leda daga ƙarƙashin buhunan taki, gara ta riga ta cire zakkarta. Lokacin da Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli, har kotu ta yanke a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, ni dai na ce wa mutanen majalisarmu don kai aka yi, don a ba ka lokacin tuna sauran wuraren da ka tusa.

Ba wai ban san inda abin ya samo asali ba. Uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito, labarin gidan ɗaya ne. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978 ruwa ya hau, dubban mutane suka tashi daga gidaje da gonakin da suka gada, kowa ya ɗauki abin da kai da jaki za su iya ɗauka. Rigimar diyya ta ja har aka zubar da jini a Birnin Tudu cikin Afrilun 1980. Wanda ya tashi yana jin manya na lissafin abin da ruwa ya ci, turmi da rumbu da itacen ɗorawa, ba abin mamaki ba ne in hannunsa ya ƙi sakin ko da murfin kwalba. Na fahimci wannan, kuma saboda shi ne zan ce maka akwai abin da ko da wasa kada ka yar: takardun gona da na fili, shaidar haihuwar yara da ta makaranta, wasiƙun kawu na ajami. Su ne ya kamata su shiga adaka, a ɗora ta bisa dutse nesa da ƙasa. Yanzu fa suna ina? Cikin kwalin sabulu, ƙarƙashin tayar babur, inda ɗigon rufi ke sauka. Abin da ya cancanci tsaro shi ka bar wa damina, taya kuma ka ba ta inuwa.

Kaset ɗin Ɗanƙwairo ma ban ce ka zubar ba. Mutumin da aka haifa a Bakura, ya yi suna da Maradun, ya rasu a 1991, ai namu ne gaba da baya. Sai dai zaren kaset ba ya jure zafin ɗakin kwano, manne wa juna yake yi. Ka ba yaran nan su kai wa masu tura waƙa a kasuwa, wanda ke da sauran rai a juye shi a waya, ka riƙa saurare a zaure. Shekara nawa rabonka da jin ko ɗaya daga cikinsu?

Akwai kuma inda wasa ya ƙare. Taya da gwangwani da fasasshen tulu, duk abin da ke riƙe ruwan sama, gidan sauro ne, mu kuma da ke bakin ruwan noman rani ba mu da ƙarancinsa balle mu yi kiwo. Ɓera na kawo zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin da yake bari a abinci, ɗakin naka kuwa bango ɗaya ya raba shi da inda ake ajiye hatsi. Kunama da maciji ba sai na faɗa ba. Sannan tsofaffin baturan mota da ka jera a bayan ƙofa, waɗanda jikokinka ke hawa suna tuƙi, dalma ce a cikinsu. Bazamfare ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan dalma bayan yara sama da 400 da ta kashe a yankin Anka da Bukkuyum a 2010. Waɗannan su za su fara fita, yau ba gobe ba.

Kada ka ce mini ai mata ma suna tarawa, ga jeren kwanuka da tasoshi har rufi a ɗakin uwargida. Nasu ana wankewa, ana gogewa, ranar biki a ci abinci a ciki, ranar matsi a sayar da biyu a yi cefane, ranar auren 'ya a rage mata. Jerensu jari ne. Naka in aka kai wa 'yan gwangwan sai sun ɗora a sikeli kafin su san ko ya kai kuɗin goro.

Ka kuma tausaya wa magada. Allah ya ba ka tsawon rai, amma ranar da aka zauna rabon gado, yaya malam zai fitar da tumunin takaba daga rediyon da ba ya magana? Namiji rabo biyu, mace rabo ɗaya, a takalmin ƙafar hagu? Za ka sa a yi ta dariya a zaman makokinka, ni kuma ka san ba zan iya daurewa ba, ni zan fara.

Abin yi ba shi da wuya. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da komai rana ta gan shi. Ƙarfe da alminiyam na 'yan gwangwan ne da masu zubin tukwane, su biya ka. Keken ka ba bakanike ya duba, ƙarfen da ne, in ya tashi akwai yaron da ke takawa zuwa makaranta da ƙafa. Takardun da ke da ayoyi a ware su a kai wa liman ya san yadda za a yi da su, kada su bi shara. Sai manyan riguna da barguna da tabarmi da tukwanen da ke cikin akwatuna, waɗanda tumbinka ya riga ya yi bankwana da rabinsu. Ka san sarai akwai mutanen ƙauyukanmu da rashin tsaro ya koro, suna zaune a Bakura da Mafara da Maradun, wasu da rigar da ke wuyansu kawai suka fito. Sun bar nasu kayan ba da son ransu ba, irin barin da iyayenmu suka yi. Sanyin hunturu na tafe, bargo bakwai na kwance a akwatinka asu na ci. Ka kai wa mai unguwa ko liman, sun san gidan da ya fi bukata.

Ku 'ya'yan maza kun ce ku ne iyayen gida, mu 'ya'yan mata bayi. Na karɓa. Bawa zai zo da tsintsiya da amalanke da yara majiya ƙarfi ran Laraba, washegarin kasuwa, kai kuma ubangida ka tanadi fura da kuɗin shara, na bana da na shekarun da ka yi ta laɓewa duk ranar cika-ciki. Sababbin kuɗi nake so, ba ragowar gara ba. In ka kulle ɗakin ka ce makulli ya ɓata, uwargida ta riga ta gaya mini inda yake. Masu karatu na Bakura kuwa, duk wanda ya ga wani dattijo na bin amalanke a guje yana roƙon a mayar masa da murfin rediyo, don Allah a riƙe mini shi har mu wuce tasha.