Ciyawar da Ta Tsallaka Teku

A tsakiyar Burazil akwai wani makeken daji da ake kira Serado. Damina da rani yake yi, ga jar ƙasa, ga gajerun itatuwa masu kaurin ɓawo. Shekaru aru-aru manoma sun yanke ƙauna da shi, domin ƙasar tsami gare ta, shuka ba ta yin kirki. A lokacin, Burazil sayen abinci take yi daga waje.

A 1973 gwamnati ta kafa hukumar binciken noma mai suna Embrapa. Ta tura matasanta jami'o'in gida da na waje, kuma da suka gama ba su dawo sun tarar da ofis babu aiki ba, gonakin gwaji aka miƙa musu. Suka tabbatar cewa farar ƙasa tana kashe tsamin nan, takin fosfat kuma yana tayar da shuka. Waken soya, wanda ya saba da ƙasashen sanyi, suka yi ta auratayyar irinsa har ya yarda da zafi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda sakamakon ya nufa. Bai kwanta cikin kabad ƙura ta binne shi ba. Gwamnati ta shimfiɗa hanyoyi, ta buɗe bashin noma. 'Yan kasuwa suka zuba jari wajen haƙar farar ƙasa da sarrafa iri, maimakon jiran jirgin ruwa ya kawo musu kaya. Manomi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan cuta ta kama gonarsa. A 2006, da aka tashi ba da babbar kyautar abinci ta duniya saboda wannan aiki, tsohon ministan noma Alysson Paolinelli ya raba ta da masana ƙasa biyu, Edson Lobato da Colin McClung.

Makiyaya ma ba a bar su a baya ba. Masana sun inganta wata ciyawa mai suna brachiaria, aka shuka ta a makiyayai, shanu suka zauna wuri ɗaya suna ƙiba. Yau Burazil ce kan gaba a duniya wajen sayar da waken soya da naman shanu.

Ciyawar nan daga Afirka aka kai ta. A nahiyar da aka samo ta, har gobe shanu kan kwana bisa hanya da rani, suna neman abin da za su ci.