Masu Ƙananan Tagwaye a Teburin Poka

A kartar Texas Hold'em ta intanet, kati biyu ake raba wa kowa a ɓoye. In suka zo tagwaye ƙanana, daga biyu-biyu zuwa shida-shida, burin mai su na ukunsu ya faɗo cikin kati ukun farko da ake buɗewa a tsakiya. Hakan kuwa ba ya kai sau ɗaya cikin takwas. To ga wani mai ƙaramin jari, zubi 20 kacal a gabansa, ya ɗaga zuwa zubi uku. A nan halin kowa ke fitowa fili.

Ɗan Sa-Rai shi ne na farko. Kullum jikinsa na ba shi yau ce ranar. Yana biyan ukun, katin ya ƙi zuwa, ya ajiye, ya sake biya. Ranar da katin ya zo, ko ya kwashe jarin abokin karawarsa kaf, bai mayar da abin da ya zubar a baya ba. Rijiya yake haƙawa a kan fa, yana murna da raɓa.

Sai Sarkin Lissafi. Ya haddace cewa ba a bi sai jarin mai ɗagawa ya ninka kuɗin biya sau 15, wasu ma su ce 20. Yana cikin rabawa da ninkawa lokacinsa ya ƙare, kwamfuta ta ajiye masa katinsa. Abin dariyar, hukuncin da ya dace ke nan.

Ga Tura-Duka kuma, wanda bai san tsaka-tsaki ba. Da uku-uku zai zuba komai. In ya ci karo da manyan kati biyu mabambanta, kusan raba-daidai ne. In tagwayen da suka fi nasa ne, sau ɗaya cikin biyar zai tsira. Sauran huɗun ya ce ai jarumta ce.

Mai Ƙorafi ya tabbata an haɗa baki da na'ura don a cuce shi, shi kaɗai a duk duniya. Gobe da sassafe shi ke riga kowa zama.

Na ƙarshe Mai Fatawa, mai rantsuwa cewa wannan ba caca ba ce, ilimin lissafi ne. Matarsa dai har yanzu tana jiran kuɗin cefane.

Duk cikinsu babu mai kallon kamfanin da ya shimfiɗa teburin. Shi ba ya riƙe kati, ba ya jiran na uku, amma yana yankar kasonsa ko wa ya ci.