Ƙara Wa Barno Dawaki

A unguwarmu ba a cika wucewa gida kai tsaye bayan sallar isha'i ba. Akwai teburin mai shayi daf da masallaci, da benci biyu, da tabarma, da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Nan muke jin shirin dare na Sashen Hausa na BBC, kamar yadda iyayenmu suka saba tun da aka buɗe sashen a 1957. A daren da nake ba ku labari, mai gabatarwa ya yi sallama da cewa duk mai son tofa albarkacin bakinsa ya leƙa shafinsu na Facebook. Ba wanda ya ɗaga kai, don kullum haka muke ji. Sai ɗan wan telanmu, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba, ya ajiye kofi ya ce, "Kawu, ka san wannan kalmar guda ɗaya ta taɓa tayar da ƙura a Faransa?"

Tela ya ce wace kalma. Yaron ya ce Facebook. A 2011 hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Faransa ta ce kada mai gabatarwa ya riƙa tura jama'a zuwa Facebook ko Twitter da suna, sai dai idan labarin da ake bayarwa ya shafi kamfanonin ne. Ta kafa hujja da wata doka ta 1992 da ta hana tallan ɓoye. A ganinta, ka ce wa mutane miliyoyi su je wuri kaza, kullum safe da yamma, talla ce, ko an biya ka ko ba a biya ka ba.

"A Ingila kuwa," in ji shi, "na sha jin irin wannan ƙorafin, amma a kan kasuwar gwanjo."

Jin kalmar gwanjo ya sa Alhaji ya gyara zama. Shekara talatin ke nan yana fasa dila a Ƙofar Wambai, ba a maganar gwanjo a gabansa ya yi shiru. Ya ce, "Ɗana, Turawa ma suna gwanjo? Ai na ɗauka su ke turo mana."

Yaron ya yi masa bayani. Akwai wani shafi a intanet mai suna eBay, wanda wani mutum, Pierre Omidyar, ya kafa a Amurka a 1995. Kana da tsohon agogo ko keke ko kwat ɗin kakanka, sai ka ɗauki hoto ka ɗora, ka sa wa'adin kwanaki, masu so su yi ta tayawa, wannan ya ƙara a kan wancan, wanda tayinsa ya fi idan wa'adi ya cika shi aka sallama wa. Kamfanin shi ne dillali, yana da la'adarsa. Abu na farko da aka sayar a can wata 'yar fitila ce mai jan haske da ake nuni da ita a allo, ta ma lalace, amma wani ya saya a kan dala 14.83. Yau a Ingila idan mutum ya gaji da wani abu a ɗakinsa, ba ya cewa zai kai gwanjo, sunan shafin kawai yake kira. Abin da ke ɓata wa wasu rai shi ne su ji ma'aikacin BBC shi ma yana yin haka, a labarai ko a shirin ba da shawara kan kuɗi ko a hira.

Mai shayi, da ke fasa ƙwai, ya ce shi bai ga abin faɗa a nan ba. "Yallaɓai, mu da muke nan fa? Yanzu yaro zai zo ya ce a ba shi Omo, in miƙa masa kowane garin sabulu ne a hannuna, ya karɓa ya tafi. Wa ya taɓa cewa a ba shi sinadarin ɗanɗanon miya? Magi ne. Man goge baki makilin ne ko wane kamfani ya yi shi." Nan fa majalisa ta ɗauka. Wannan ya ce basilin, wancan ya ce shaltos, wani ya ce famfas ɗin jarirai, tela ya ce shi duk keken ɗinki Singa ne a wurin kakarsa har ta rasu. Direban da ke zama a ƙarshen benci ya ce ko taliyar da mai shayi ke dafawa yanzu, kowa Indomie yake ce mata, alhali kwalin da ke ƙarƙashin tebur wani suna ne a jikinsa. Aka yi dariya, mai shayi ya tura kwalin ciki da ƙafa.

Gaskiya ne, haka muke. Wanda ya riga shiga bakinmu shi ne mai suna, sauran duk 'yan haya ne a gidansa. Kuma ba a kayan shago kaɗai ba. Baƙo ya tsaya ya tambaye ka inda zai sayi atamfa, kafin ya rufe baki ka ce Kantin Kwari, ko da akwai mai shagon atamfa a bayan gidanka. Hatsi Dawanau, waya Farm Centre, shanu a jira Juma'a a tafi Wudil. Ba ƙeta muke yi wa na kusa ba, bakin ne ya saba.

Amma ni a nan na rabu da mai shayi, na kuma faɗa masa. Bakina nawa ne, ba wanda ya biya ni in yi adalci tsakanin masu garin sabulu. BBC kuwa ba haka take ba. Tashoshinta na cikin Birtaniya ba sa karɓar talla, da kuɗin lasisi ake tafiyar da su, wanda duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye yake biya. A 2024 kuɗin ya kai fam 169.50 a shekara. Tun daga 2014 ma kaso mai yawa na kuɗin sassan da ke watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje, har da namu na Hausa, daga wannan asusun yake fitowa. Cikin masu biyan nan akwai mai ƙaramin shafin gwanjo da ke fafutukar samun masu saye, akwai mai ɗakin gwanjo na gargajiya a ƙauye da ke buga guduma ran Asabar, akwai tsohuwar da ke aikin sa kai a shagon sayar da kayan sadaka. An karɓi kuɗinsu, sannan a buɗe baki a wasa abokin hamayyarsu kyauta. Ko maroƙi ba ya yi wa mutum kirari a banza, balle a ce da kuɗin kishiya aka biya shi.

BBC ɗin kanta ta san da wannan, tana da ƙa'ida a rubuce cewa kada a fifita wani kaya ko kamfani fiye da yadda labari ke buƙata. Yaron ya ba mu misalai biyu da suka burge majalisa. Akwai wani shirin yara mai suna Blue Peter da aka fara a 1958, inda ake koya wa yara haɗa abubuwa da kwali da gam. Masu gabatarwa ba sa kiran salatif da sunan kamfaninsa, sai su ce tef mai manne, har abin ya zama abin tsokana a ƙasar. Sannan a 1970 mawaƙin ƙungiyar The Kinks, Ray Davies, sai da ya taso daga Amurka ya koma Landan don ya sake rera wuri ɗaya a waƙarsu mai suna Lola, saboda ya ambaci Coca-Cola, BBC kuwa ba za ta sa ta a haka ba. Gidan da ya sa mutum ya ƙetare teku saboda sunan lemo, ai bai kamata a ji sunan kasuwa guda yana zuba daga bakinsa kamar ruwan famfo ba.

Sai Malam, tsohon hedimasta, wanda tun ɗazu yake juya cokali bai ce komai ba, ya yi gyaran murya. Ya ce shi abin da yake tsoro shi ne rediyo ta koma magana a dunƙule. "Kun manta yadda muke jin haushi idan aka ce wani babban jami'i a wata ma'aikata ya yi kaza? Wane jami'i? Wace ma'aikata? Mai sauraro yana da hakkin a faɗa masa. Idan an damfari mutane a wani shafi, a ce mini wani shafin gwanjo, ai an cuce ni, don ban san inda zan kiyaye ba."

Maganar Malam tana da nauyi, kuma akwai lokutan da dole a kira suna. A 2005, da aka raba tikitin bikin waƙe-waƙen Live 8 na yaƙi da talauci kyauta, wasu suka kwashe suka kai eBay suna neman riba. Bob Geldof, jagoran bikin, ya fito ya yi tir da abin, kamfanin ya dakatar da cinikin. Wannan labari ba ya bayuwa sai da sunan, don kamfanin ne ake tuhuma, shi ne kuma ya ba da amsa. Amma ɗauki na hular Gimbiya Beatrice, wadda ta sa a bikin auren Yarima William a 2011 aka yi ta surutu a kanta, daga baya aka yi gwanjonta a eBay a kan sama da fam 81,000 aka ba ƙungiyoyin taimakon yara. Labarin na hula ne da gimbiya da sadaka. Da an ce an yi gwanjonta a intanet, me mai sauraro ya rasa? Irin waɗannan labaran ban mamaki kuwa ba sa ƙarewa, kowane mako da wanda zai sayar da wani abin al'ajabi, kowane ɗaya kuma sai sunan ya biyo shi. Wanda ya fi damuna shi ne na uku, wato mai ba da shawara ya ce wa jama'a kayan da ba ku so ku kai wuri kaza. Nan ba labari yake bayarwa ba, hanya yake nunawa.

Alhaji ne ya kawo abin da ya fi komai kama hankalina a daren. Ya ce, "Malam, gwanjo ba kamar sabulu ba ne. Sabulu in ka saya ka ga bai yi kumfa ba, gobe ka canza. Gwanjo kuwa jama'a ce. Ni in na fasa dila a inda mutum uku ke tsaye, riga ɗari biyu za ta tafi. In na fasa a inda mutum hamsin suke, wannan ya taya wancan ya ƙara, sai ta ninka. To ina zan kai kayana? Inda taro yake. Mai saye kuma ina zai je? Inda kaya suke. Da zarar kasuwa ɗaya ta fi, shi ke nan, ta ƙwace." Ya ce shi ya ga ƙananan kasuwanni sun mutu a idonsa ba don kayansu ba su da kyau ba, sai don ƙafa ta ɗauke.

Abin da ya faru ke nan a Turai. Yahoo ta rufe shafukanta na gwanjo a yawancin ƙasashen nahiyar a 2002. QXL, wanda ɗan gida ne a Birtaniya, ya yi ta fama har ya rufe shafinsa na can a 2008. Akwai irin su eBid da suka rage, amma tambayi mutum goma a titi ka ga nawa suka san shi. A Japan kuwa, inda Yahoo ta riga tara jama'a, eBay ce ta tattara ta fita a 2002. Dabarar ɗaya ce ko ina, mai taro shi ke da kasuwa. Saboda haka duk ambato ɗaya a gidan rediyon da al'umma ta yarda da shi ƙarin ƙafa ne zuwa rumfar da ta riga ta cika. An ƙara wa Barno dawaki, mai ƙaramar rumfa kuma an rage masa ɗan abin da ya saura.

Direba ya ce to ai ko an ɓoye sunan kowa ya san wanda ake nufi, wahalar banza ce. Tela ya ce masa, "Kai kuwa, gyatumarka ta taɓa kiran sunan yayanka na fari?" Direba ya ce a'a, har yau "yaron nan" take cewa, ga shi da jikoki. "Kuma ka taɓa ruɗewa wa take nufi?" Ya ce bai taɓa ba. Tela ya ce to ashe mun fi kowa iya wannan. Mace ta shekara arba'in da miji ba ta furta sunansa ba, sai Malam, sai maigida, sai baban wance, kuma magana ba ta taɓa ɓata ba. Kunya ce da sanin matsayi. Wanda aka ba amanar makirufo shi ma akwai sunayen da ya kamata su yi masa nauyi a baki, ya kira su idan dole ta kama, ya kauce idan akwai hanya.

Na yarda da tela, har na ƙara da cewa abin ya fara zuwa gare mu. Tun da Jiji ta saye harkar OLX a Najeriya da Gana da wasu ƙasashe a 2019, mai neman tsohuwar mota ko firji a intanet kusan suna ɗaya yake ji. Gidajen rediyonmu na gwamnati suna karɓar talla, wannan a fili yake, ana jin sa an san talla ne. Wanda ba a sani ba shi ne wanda ke shigowa cikin hira, mai gabatarwa ya ce shi ma a wuri kaza ya sayi tasa, mai sauraro a ƙauye ya ɗauka shawara ce daga ɗan'uwa.

Malam bai sauka gaba ɗaya ba. Ya ce shi dai a bar masa sunan a duk labarin zamba, aka ce an bar masa. Alhaji ya sa yaron ya rubuta masa sunayen ƙananan shafukan nan a bayan wata takardar rasit, ya ce zai nuna wa ɗansa mai waya ya gani ko suna karɓar 'yan kasuwa daga nan. Mai shayi ya kashe risho, ya fara haɗa kofuna, ya ce wanda bai biya kuɗin Indomie ba ya biya kafin ya tashi.